Aikin sa kai a Jamus: tambayoyin da matasan coci suka fi yi

Salama 'yan'uwa. Tun da na dawo, kusan duk taron matasa da na je sai wani ya ja ni gefe da tambaya, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na ce bari in haɗa su wuri guda. Akan Jamus kawai nake magana don can na zauna. Kowace ƙungiya da nata tsari, saboda haka abin da ke cikin kwantiraginka shi ne gaba da maganata.

Wai wannan aikin sa kan, mishan ne ko neman kuɗi ne?

Ba ko ɗaya. Hidima ce ta wata 6 zuwa 18, yawanci shekara ɗaya, a gidan tsofaffi, asibiti, makarantar ƙananan yara ko wurin kula da nakasassu. Tsari uku aka fi sani: FSJ na waɗanda ba su kai shekara 27 ba, BFD da aka fara a 2011 bayan an dakatar da aikin soja na dole, shi babu iyakar shekaru ta sama, sai weltwärts na 'yan 18 zuwa 28 wanda ya fara karɓar matasa daga ƙasashenmu a 2013.

Abin ma daga coci ya samo asali. A 1954 wani fasto mai suna Hermann Dietzfelbinger a garin Neuendettelsau ya yi kira ga 'yan mata su ba da shekara ɗaya ta rayuwarsu don hidimar marasa lafiya, a 1964 gwamnati ta mai da shi doka. Har yanzu wurare da yawa na hannun ƙungiyoyin agaji na coci ne, Diakonie ta Furotesta ko Caritas ta Katolika. Amma kar sunan coci ya ruɗe ka ka ɗauka mimbari za a ba ka. Cokali za a ba ka ka ciyar da tsohuwa, ka tura keken guragu, ka canja zanin gado, wani lokaci ka taimaka a bayan gida.

Ta ina ake nema? Sai na bi ta hannun ejan?

A'a, kuma don Allah kar ka sayar da gonar Baba saboda wannan. FSJ da BFD kai da kanka kake rubuta wa ƙungiyar ta intanet, su yi maka intabiyu ta bidiyo, in sun yarda su turo kwantiragi, da shi za ka nemi biza. Jamus na da ofishin jakadanci a Abuja da ƙarami a Legas. weltwärts kuma ta hannun ƙungiyar gida da ke da abokiyar hulɗa a can ake bi, to ka tambayi hedikwatar ikilisiyarku ko suna da irin wannan alaƙar. Duk wanda ya ce kawo miliyan kaza zai “saya” maka gurbi, ka kama kanka.

Samun ranar ganawa a ofishin biza na iya cin watanni, ka fara da wuri. Za a nemi wasiƙar da ka bayyana dalilinka da abin da kake shirin yi in ka gama, ka rubuta da kanka, suna gane wadda aka kwafo.

Dole sai na iya Jamusanci?

Wasu wuraren sukan karɓe ka da matakin farko na yaren, A1 ko A2, akwai cibiyar Goethe a Legas, Accra da Yaounde inda ake jarrabawa. Amma maganar gaskiya ba don biza kaɗai za ka koya ba. Tsohon da za ka riƙa aske wa gemu bai jin Turanci, in ma ya taɓa ji ya manta, kuma in yana cewa ƙafarsa na ciwo kai kana murmushi kana gyaɗa kai, ka ga an samu matsala. Wata uku na farko kanka zai riƙa ciwo da yamma saboda sauraro kawai, kowa haka ya yi.

Ka kula da Sie da du, duka “kai” ko “ke” suke nufi, amma Sie na girmamawa ne, du na sabo. Duk babba da wanda ba ka saba da shi ba Sie ne tare da sunan mahaifinsa, har sai shi ya ce maka ku koma du. Mu da muka saba da Baba da Mama, bakinka zai yi nauyi ranar da shugabar aikinka mai furfura ta ce ka kira ta da sunanta tsirara. Ka kira, ba raini ba ne a wurinsu.

Nawa ake biya? Zan iya turo wa gida?

Ba albashi ba ne, kuɗin kashewa ne. Doka ta sa masa iyaka, a 2025 bai wuce yuro 644 a wata ba, kuma wurare da yawa ba sa kai wannan. Wasu na ƙara ɗaki da abinci, wasu su ba ka kuɗinsu ka nema da kanka, wannan shi ne abu na farko da za ka duba a kwantiragi. Inshorar lafiya su ke biya gaba ɗaya.

Matsalar ita ce a gida da canjin naira za a lissafa, a ga kamar ka haye. Ka zaunar da iyayenka tun kafin ka tashi ka nuna musu takardar. Tikitin wata na bas da ƙananan jiragen ƙasa da ake kira Deutschlandticket ya fara a yuro 49 a 2023, ya koma 58 a 2025. Kowane gida na biyan yuro 18.36 a wata na rediyo da talabijin ko ba ka kunna. Ga layin waya, ga jaket da takalmin sanyi. In ka matse za ka iya tura ɗan abin sabulu lokaci-lokaci, amma kar ka ɗau alkawarin kuɗin makarantar ƙanne uku. Aikin gefe kuma sai da izinin wurin aikinka da na ofishin baƙi, yin sa a ɓoye na iya cinye maka takardar zama.

A ina zan zauna, kuma da wa?

Ko gidan wani iyali, ko ɗaki a cikin ginin ma'aikata, ko gidan haɗaka da wasu matasa, kowa da ɗakinsa amma kicin da banɗaki ɗaya. A nan ne yawancin ƙananan rigingimu ke tashi, kuma ba kan addini ba, kan firji ne da shara. Abincin da ke firji na mai shi ne, ko madara ce sai ka tambaya. Akwai jadawalin share-share manne a bango, satinka in ya zo ba mai tuna maka, sai dai ka tarar da 'yar takarda a ƙofa. Shara kala-kala ce, takarda daban, roba da gwangwani daban, ragowar abinci daban, kwalba daban. Robar ruwa da gwangwanin lemo kar ka yar, akwai kuɗin ajiya a kansu, yawanci santi 25, injin kanti zai mayar maka.

Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe ba a hayaniya, haka ma ranar Lahadi. To mai addu'ar dare da ɗaga murya, ga inda za ka koyi yin ta ƙasa-ƙasa, Ubangiji na ji. Kiran bidiyo da 'yan gida a sifika ma ka sa abin kunne.

Me zan fara yi in na sauka?

Rajistar adireshi a ofishin gari cikin kwana 14, suna ce mata Anmeldung, da takardar mai gida. Ba tare da ita ba akawun banki ma wahala. Ka manna sunanka a akwatin wasiƙa ranar da ka shiga, don ƙasar nan komai ta wasiƙa ne, katin banki, katin inshora, sammacin ofishin baƙi, in babu suna mai kawowa zai koma da ita. Mai aiki da yara ko marasa lafiya za a tambaye shi shaidar rigakafin ƙyanda, ka taho da katinka.

A fom ɗin rajista akwai wurin addini, mutanenmu kan tsorata saboda labarin harajin coci. Eh akwai shi, kashi 8 ko 9 cikin ɗari na harajin albashi, ga 'yan Katolika da 'yan babbar cocin Furotesta. Amma tunda kuɗin kashewarka ba a cire masa haraji, ba abin da za a cire maka a wannan shekarar. Ka faɗi gaskiyar cocin da kake.

Zan samu abincinmu?

Za ka samu in kana girki. In ba ka iya ba ka shiga kicin wurin Mama tun yanzu, maza da ku nake. Akwai wata shinkafa mai gajeren ƙwaya da suke dafawa da madara, Milchreis, tana yin tuwo lafiya lau kuma da arha. Alayyafo na firiza, kabewa da man gyaɗa na kwalba, ga taushe ta haɗu. Kuɓewa, attarugu da naman rago shagon Turkawa, manja da doya shagon 'yan Afirka amma da tsada. Kuka, daddawa, yaji da busasshiyar kuɓewa ka taho da su a ɗaure da kyau. Kilishi da dambun nama kam a'a, an hana shigo da nama da madara daga wajen Tarayyar Turai, za a ƙwace a filin jirgi.

Su abincin darensu burodi ne mai sanyi da cuku, ba wai rowa ake maka ba. Ruwan famfo ana sha. Kantuna a rufe suke ranar Lahadi, ka yi cefane tun Asabar.

Wace coci zan shiga? Akwai irin tamu?

ECWA ko COCIN ko EYN da Hausa kamar na gida, ka cire rai. Abin da za ka tarar kusan kashi uku ne. Akwai manyan cocin ƙasa, Katolika da Furotesta, sujada wajen ƙarfe 10, awa ɗaya an tashi, molo babu ganga babu sai ogan, babban abin kiɗan nan mai bututu, kuma yawanci tsofaffi ne a bencina. 'Yan LCCN da Katolika za su gane tsarin sujadar nan da nan. Akwai 'yantattun ikilisiyoyi irin su Baptist, sun fi matasa da kiɗa da nazarin Littafi Mai Tsarki a gidaje. Sai cocin 'yan Afirka a manyan birane, Redeemed, Deeper Life, Church of Pentecost ta 'yan Ghana, da Turanci, da rawa da shinkafa bayan an tashi.

Ranar farko a babbar coci zuciyarka za ta iya karaya. Gini ya fi na hedikwatarku girma, mutum talatin a ciki, ba wanda ya ce baƙo ya tashi a gaishe shi. Yanzu waɗanda ke cikin manyan cocin nan biyu ba su kai rabin jama'ar ƙasar ba, a gabashi ma mafi yawa ba su da addini sam. Za ka tuna wai daga ƙasar nan Karl Kumm ya fito, wanda ya iso Wase a 1904, aikin da ya haifi COCIN. Za ka kuma ga abubuwan da ba ka saba ba, mace fasto ko bishop, giya a bikin coci, wasu ikilisiyoyin na sa wa auren jinsi albarka. Ba sai ka yarda da komai ba, amma ka yi tambaya kafin ka yanke wa mutane hukunci. Na ga tsofaffin da ba sa ɗaga hannu a sujada amma shekara da shekaru su ke kai wa 'yan gudun hijira abinci da koya musu yare kyauta.

Shawarata, kar ka maƙale a cocin 'yan Afirka kaɗai duk da daɗinta. Sau da yawa tana wani birni, ka ɓata awa biyu a jirgi, ka dawo Litinin ba ka san kowa a unguwarku ba. Ka riƙa zuwa can sau ɗaya a wata ka sha kiɗa, sauran Lahadin ka tsaya ta kusa da kai. Kuma in an tashi kar ka gudu, akwai shan kofi a bayan coci, a nan ake sanin juna. Ka sani a gidan tsofaffi da asibiti ana aikin Lahadi bi da bi, tsofaffi ba sa daina cin abinci don ranar Ubangiji ce, ka roƙi mai tsara jadawali tun farkon wata.

Zan iya yin bishara a wurin aiki?

Ba yadda muke yi a gida ba, ko da wurin na coci ne. Mutanen da kake kula da su a hannunka suke, ba za su iya tashi su bar ka ba, shi ya sa ake ganin wa'azi gare su kamar danniya ne. Raba takardun bishara ko ɗora wa mara lafiya hannu ba tare da ya nema ba na iya jawo a sallame ka. Haka ɗaukar hotonsu ka sa a Facebook ko WhatsApp wai kana ba da shaida, wannan laifi ne babba, sirrinsu amana ce da ka sa wa hannu.

Amma in an tambaye ka, ka amsa. Kuma za a tambaya, don za su ga kana sunkuyar da kai kafin cin abinci. Akwai wata tsohuwa a sashenmu da mantuwa ta cinye, ba ta gane 'yarta ta cikinta, amma in aka fara Addu'ar Ubangiji sai ta kama daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Ma'aikatan da suka ga ina son abin sai suka bar mini rakiyar masu zuwa sujadar tsakiyar mako a ƙaramin ɗakin addu'a na gidan. Ka tambaya ko akwai irin wannan a naku.

Ya ake yin abokai? An ce Jamusawa ba su da fara'a.

Wannan ita ce ainihin jarrabawar shekarar, ta fi biza ta fi sanyi. A gida zumunci ne ke zuwa ya same ka har ɗaki, a can in ba ka fita ka neme shi ba za ka yi wata guda ba wanda ya ƙwanƙwasa maka ƙofa, ba don ƙiyayya ba, su a ganinsu sun ba ka sarari ne. Ba a zuwa gidan mutum haka kawai, sai an sa rana, wani lokaci sati biyu gaba, kuma ƙarfe 3 tana nufin ƙarfe 3. Amma in Bajamushe ya ce zai zo taya ka ɗaukar kaya ranar Asabar, zai zo ko ana ruwa.

Hanyar da na ga tana aiki ita ce shiga abin da ake haɗuwa kowane mako. Kwaya ta fi komai sauƙi, garuruwa da yawa na da ƙungiyar waƙoƙin bishara kuma kullum suna neman murya, wanda ya taso a kwayar matasa ko ta saba da waƙar zumuntar mata ai an gama. Akwai ƙungiyar ƙwallo ta unguwa, akwai CVJM, wato ƙungiyar matasa Kirista ta YMCA, akwai taron addu'a na gida-gida da suke kira Hauskreis. Sati na farko ba mai kula ka sosai, na biyar sai ka ji an ce ina ka shiga ba mu gan ka ba. Kai ma ka gayyata, ka dafa dafa-duka ka rage yaji ka kira abokan aiki. Sannan kwanakin bita 25 da ake yi wa 'yan sa kai a shekara, kar ka raina su, a nan za ka haɗu da 'yan Indiya, Brazil, Madagaska masu irin damuwarka.

In ka ji ana Hausa a tasha ka yi sallama. Sau da yawa ɗan Nijar ne ko ɗan zangon Kumasi, musamman wajen Hamburg, galibi Musulmi, kuma za ka sha mamakin yadda yare ɗaya ke mai da ku 'yan gida ɗaya. Su ne za su nuna maka mai aski da inda ake samun gero.

Sanyi da kewar gida fa?

Sanyin ana maganinsa da kaya, riga kan riga, hula, safa, kuma ka saya a can a shagon gwanjo, jaket ɗin kasuwar Terminus ta Jos ba zai riƙe Janairu ba. Duhun ne ba a gaya wa mutum. A Disamba rana na fitowa bayan 8 ta faɗi wajen 4, ka tafi aiki cikin duhu ka dawo cikin duhu, jiki ya mutu, barci ya yi yawa, ka ji ba ka son ganin kowa. Ka fita tafiya da rana ko minti ashirin ne, ka tambayi likita maganar bitamin D. In abin ya wuce kewa ya zama ba ka iya tashi ko cin abinci, ka faɗa wa mai kula da ku, ba rashin bangaskiya ba ne. Akwai layin Telefonseelsorge da coci-coci ke gudanarwa, kyauta dare da rana, 0800 111 0 111.

Waya kuma takobi ce mai kaifi biyu. Lokacin sanyi agogonsu ɗaya da na Najeriya da Nijar, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gaba da awa ɗaya, to kira ba wuya. Amma wanda kullum yana ɗaki yana kallon sujadar gida kai tsaye, jikinsa na Jamus ransa na Kafanchan, shi ya fi shan wahala. Duba amsar abokai a sama.

Kirsimeti ya take a can?

Sati huɗu kafin ranar gari ya yi kyau, fitilu, kasuwar Kirsimeti, kyandir huɗu da ake kunnawa ɗaya-ɗaya kowace Lahadi. Amma babbar ranar ita ce yammacin 24, kuma ta iyali ce zalla. Da rana kantuna sun rufe, coci ta cika maƙil sau ɗaya a shekara, daga nan kowa ya shige gida ya ja ƙofa, titi tsit. Babu yara masu yawo da sabbin kaya, babu kwanon shinkafa da nama daga maƙwabta. Tun farkon Disamba ka buɗe baki ka gaya wa fasto ko abokin aiki cewa ba ka da inda za ka, kunya ba ta da amfani a nan, kusan kullum akwai iyalin da za su ɗauke ka. In an gayyace ka ka riƙe 'yar tsaraba, kuma kar ka yi mamaki in abincin daren dankali ne da tsiran alade.

In aka nuna mini wariya ko aka takura mini a wurin aiki?

Yana faruwa, ba zan ɓoye ba. Kallo a bas, wani ya ƙi zama kusa da kai, ko tsoho ya ce baƙar fata ba zai taɓa shi ba. Na masu ciwon mantuwa ka bar wa ma'aikata su canja maka wani. Na abokin aiki kuwa kar ka haɗiye wai haƙuri, ka rubuta rana da abin da aka faɗa ka kai wa mai kula da kai a ƙungiyar da ta kawo ka, aikinsu ke nan, har wurin aiki ana iya canja maka. Haka in ana sa ka aikin da na ƙwararrun nas ne kamar allura, ko ana hana ka hutu, kana da aƙalla sati huɗu a shekara. In ba ka da lafiya ka kira tun da safe kafin lokacin aiki, ka ga likita ya ba da takarda. Lambar gaggawa 112.

In shekara ta ƙare zan iya zama?

Ya danganta da tsarin da ka shigo da shi, duba tambaya ta farko. weltwärts an gina shi ne don ka koma gida da abin da ka koya. Masu FSJ da BFD da yawa kan nemi gurbin koyon aikin jinya, shekara 3 ne kuma ana biyan mutum yana koyo, amma ana son Jamusanci mai ƙarfi, yawanci B2, da tantance takardun sakandarenka, sannan ofishin baƙi ya amince kafin takardar zamanka ta ƙare. Mai wannan niyyar ya fara shiri tun wata na huɗu ko na biyar, ba saura sati uku ba. Wanda ya bari biza ta mutu yana ciki ya ɓata wa kansa, ya kuma ɓata wa ƙannen da ikilisiyarsu za ta turo bayansa.

Mai dawowa kuma kar ya taho sai da takardar shaidar aiki da wurin zai rubuta masa, ya soke rajistar adireshi da kwantiragin waya da tikitin wata, in ba haka ba kuɗi za su ci gaba da taruwa da sunansa yana Jos bai sani ba.